Sifana da Garanti a Garejojin Lafiya

Kalmar garanti, wadda Hausa ta aro kamar yadda ta aro sifana da filaya da gareji, tana nufin alkawarin da maƙerin kaya ko mai sayar da su yake ɗauka cewa idan kayan suka lalace cikin wani ƙayyadadden lokaci saboda aibin da ke cikin ƙirarsu, zai gyara su, ko ya musanya su da sababbi, ko ya mayar wa mai saye kuɗinsa. A ƙasashen da ake ƙera kayan aikin kanikanci wannan alkawari ya daɗe da shiga cikin farashin sifana, har akwai kamfanonin da suka yi suna da cewa garantinsu ba ya ƙarewa muddin mai kayan yana raye. A Lafiya kuwa, babban birnin Jihar Nasarawa, bakaniken da sifanarsa ta karye yana ƙarƙashin mota ba kasafai yake tuna kamfanin da ya ƙera ta ba, domin ƙafarsa ta fi saurin kai shi wurin mai walda ko shagon da ya saba saye. Asalin wannan bambanci shi ne tazarar da ta riƙa ƙaruwa tsakanin hannun da ke ƙera kayan aiki da hannun da ke aiki da su, kuma ana iya bin sawunta daga zamanin zugazugi har zuwa zamanin kwantena.

Garin Lafiya, wanda tsofaffin takardu suke kira Lafiyar Barebari, ya samo sarautarsa daga Muhammadu Dunama da jama'arsa, waɗanda suka fito daga ƙasar Barno a ƙarshen ƙarni na 18 suka zauna a yankin da Koro, wato Migili, da Alago da maƙwabtansu suke noma tun kafin zuwansu. A zamanin Sarki Muhammadu Agwai, wanda ya yi mulki daga 1881 zuwa 1903, kasuwar garin ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kwarin Binuwai, aka kuma buɗe hanyar fatauci zuwa Loko, matsayar jiragen ruwa a bakin kogin. Kayan aikin da rayuwar wannan ƙasa ta rataya a kansu a lokacin, irin su garma da fartanya da gatari da lauje, daga maƙera suke fitowa, maƙeri kuwa mutum ne da aka san gidansa da mahaifinsa da ranar da yake cin kasuwa. Idan garma ta tsage ana tsakar aikin doya, manomi yakan saɓa ta ya koma wa wanda ya ƙera ta, shi kuma ya cusa ta a wuta, ya zuga, ya ɗora a kan uwar maƙera ya haɗe tsagar da masaba, ba tare da an tsaya neman shaidar ciniki ba, domin kowane maƙeri yana gane bugun hannunsa, kuma a ce ƙirarsa ba ta kai ƙarshen damina ba ya fi masa ciwo a kan asarar gawayi.

Kayan da suka zo daga nesa, waɗanda ba a san maƙerinsu ba, kasuwar Hausa ta tanadar musu dillali, wato mai shiga tsakanin baƙon bafatake da mai saye, wanda yake cin la'ada a kan cinikin, kuma albarkacin wannan la'ada yake tsaya wa kayan, ta yadda in aibi ya fito daga baya shi za a nema, tun da bafatake ya riga ya kama hanya. Malaman fiƙihun Malikiyya, waɗanda alƙalan ƙasar Hausa suke hukunci da littattafansu irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, sun faɗaɗa bayani a kan abin da ake kira zaɓin aibi, ma'ana haƙƙin da mai saye yake da shi na mayar da abin da ya saya idan ya gano wani tsohon aibi da ba a bayyana masa ba lokacin ciniki. Sharaɗin da ke cikin wannan babi, cewa aibin ya kasance yana nan tun kayan suna hannun mai sayarwa, shi ne dai sharaɗin da ke rubuce a takardun garantin kamfanoni na yau. Saboda haka kuskure ne a ɗauka cewa Turawa ne suka kawo tunanin mayar da kaya mai aibi. Abin da suka kawo shi ne takarda da hatimi, da kuma wani irin ƙarfe da babu mai iya ƙera shi a gari.

Wannan ƙarfe ya shigo ne da jirgin ƙasa da mota. Layin dogo na gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya kai Inugu a 1916, ya ratsa ta Makurɗi da Lafiya da Kafanchan har ya haɗu da Kaduna a 1927, sannan aka buɗe gadar Makurɗi a kan Binuwai a 1932, daga nan kuma Lafiya, wadda take ƙarƙashin Lardin Binuwai a lokacin, ta zama matattarar doya da riɗi da motocin kaya suke kwasowa daga ƙauyuka zuwa tasha. Kanikawan farko a Arewa ba a bakin titi suka koyi aiki ba, a ma'aikatun hukumar jiragen ƙasa irin na Zariya da Inugu suka koya, da ma'aikatar ayyuka ta gwamnati, da garejojin En'e, da na manyan kamfanonin ciniki irin su UAC da John Holt da SCOA da CFAO. A duk waɗannan wurare kayan aiki na ma'aikata ne, ana fitar da su daga sito a rubuta sunan wanda ya karɓa, in sun karye a mayar da gutsuren ga mai kula da sito ya ba da wani, in kuma sakaci ne a yanke a albashi. Ita gwamnatin mulkin mallaka ta hannun wakilanta na saye da ke Landan take odar kayanta, don haka duk wani ƙorafi a kan ingancin sifana tsakanin ofis da ofis yake tafiya, shi bakanike bai taɓa ganin takardar garanti ba, bai kuma buƙace ta ba.

Da yawa daga cikin motocin wancan zamani na Ingila ne, irin su Bedford da Austin da Land Rover, kuma notinansu na farko a kan ma'aunin Whitworth aka yanka su, wato tsarin da injiniya Joseph Whitworth ya gabatar a 1841 don a daina samun kowace masana'anta da nata girman noti. Wani abin da ke rikita mai koyo a wannan tsari shi ne lambar da ke jikin sifana kaurin ƙusar take nunawa, ba faɗin kan notin ba, alhali a tsarin Amurka, wanda masana'antun Ingila suka koma masa daga baya, faɗin kan notin ake aunawa da inci. Sifanonin Birmingham irin su King Dick sun yi zamani a akwatunan kanikawan da suka yi ritaya daga aikin gwamnati suka buɗe nasu garejin, kuma daga nan ne kayan aiki suka fara zama dukiyar mutum ɗaya, wadda in ta karye daga aljihunsa za a maye ta.

Shekarun 1970 sun sauya kusan komai a lokaci guda. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, ta bar fam da sule ta kama naira a farkon 1973, ta kuma rungumi awon mita; kamfanin Peugeot da ke Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, Volkswagen ya kafu a Legas, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Marsandi a Inugu, motocin Japan kuma suka biyo baya. Dukkan waɗannan da milimita ake auna notinansu, amma su ma ba bakinsu ɗaya ba, domin motocin Turai sun fi amfani da 10 da 13 da 17 da 19, na Japan kuwa 10 da 12 da 14 da 17. Bakaniken da ya gaji akwatin inci ya tarar cewa sifanar inci 9/16, wadda faɗin bakinta ya ɗan haura milimita 14, tana shiga notin 14 ta zauna kamar ta kama, sai an danna da ƙarfi ta zame ta cinye kusurwoyin notin, ta kuma fasa wa mai aikin yatsu. Wani kaso na abin da ake kira karyewar kayan aiki a garejojin Najeriya daga wannan gamin gambiza ya samo asali, kuma babu garantin da ya taɓa ɗaukar nauyinsa. A daidai wannan lokaci ne dokokin mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka sa manyan kamfanonin Turawa suka ja baya daga ƙananan cinikayya, kantunan da ke da alaƙa kai tsaye da masana'antun Turai suka ragu, 'yan kasuwa masu zaman kansu suka cike gurbin.

A nan ya dace a duba abin da ake kira garantin muddin rai a inda aka haife shi, domin labarinsa yana yawo a garejoji kamar almara. A 1927 kamfanin Sears na Amurka ya fara sayar da kayan aiki masu sunan Craftsman, kuma abin da ya ɗaukaka su shi ne cewa duk wanda sifanarsa ta karye yana iya shiga kowane kantin kamfanin ya ajiye karyayyar ya ɗauki sabuwa, ba a tambayarsa rasit. Kamfanin Snap-on, wanda Joseph Johnson da William Seidemann suka kafa a Milwaukee a 1920 a kan dabarar soket goma masu hawa mariƙi biyar, ya bi wata hanya dabam: dillalansa suna zagaya garejoji da motar da aka mayar kanti, suna ba da kaya bashi ana biya mako mako, kuma a wannan zagaye ne suke karɓar abin da ya karye su musanya. Idan aka lura, a duka tsarin biyu garantin bai dogara ga ƙarfen kaɗai ba. Ya dogara ga tsadar da aka riga aka biya tun farko, wadda ta ƙunshi kuɗin musanya, da kusancin kanti ko motar dillali, da kuma tabbacin cewa mai sayen zai dawo ya sake saye. Shaidar haka ita ce lokacin da kantunan Sears suka fara rufewa, aka sayar da sunan Craftsman ga Stanley Black & Decker a 2017, Sears kuma ya bayyana karayar arziki a 2018, Amurkawa da yawa sun tsinci kansu riƙe da alkawari alhali ƙofar da suka saba kai shi ta rufe. Motar dillalin Snap-on, in an duba da kyau, ba ta da nisa da dillalin kasuwar Hausa, domin dukkansu fuska ce da aka sani, mai dawowa a ranar da aka sani.

Najeriya ta yi yunƙurin kusanto da maƙerin gida, da aikin ƙarafa na Ajaokuta wanda aka fara gini da taimakon Tarayyar Sobiyat a ƙarshen shekarun 1970 bai kuwa kammalu ba, da kamfanin ƙera injuna na Osogbo na 1980, da masana'antun murza ƙarfe na Jos da Katsina, amma sifana da soket da filaya suka ci gaba da zuwa daga ƙetare. Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, naira, wadda ta fi dala daraja a 1985, ta faɗi zuwa wajen naira 4 a dala ɗaya kafin ƙarshen shekarar, kuma sabuwar mota da sabuwar sifanar Jamus suka fi ƙarfin mai matsakaicin hali a tare. Abubuwa biyu suka maye gurbinsu. Na farko shi ne gwanjo, wato motocin da aka gama mora a Turai, waɗanda ake kira 'yan Baljiyam ko 'yan Kwatano saboda tashoshin da suke biyowa, tare da tsofaffin kayan aikin da ake cusowa a cikin kwantenoninsu. Na biyu shi ne sababbin kaya masu araha daga Taiwan da Indiya, daga baya kuma China. Hanyar waɗannan kaya zuwa Lafiya doguwa ce: daga masana'anta zuwa mai odar kwantena a Legas, daga shi zuwa manyan 'yan sari a Legas ɗin ko Anacha ko Nnewi, daga su zuwa mai shagon safaya, wanda a Lafiya kamar a yawancin garuruwan ƙasar nan sau da yawa ɗan ƙabilar Ibo ne, sannan zuwa hannun bakanike. A kowane mataki ana ƙara riba, amma babu matakin da aka ware kuɗin musanya, kuma babu wanda ke mayar da karyayyen soket ta wannan hanya a baibai, domin kuɗin motar kai shi Anacha ya fi kuɗin soket ɗin.

Ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga Jihar Filato ranar 1 ga Oktoba 1996, a zamanin Janar Sani Abacha, ya mayar da Lafiya mazaunin gwamnati, ma'aikata suka tare da motocinsu, garejoji suka yawaita a bakin titin Jos da titin Makurɗi da titin Shendam da hanyar Doma, sannan baburan acaɓa da Keke Napep suka haifar da wani rukunin kanikawa da ba su buƙatar fiye da sifanoni biyar ko shida da filaya da sukundireba kafin su kafa rumfa. Kasuwar kayan aiki ta faɗaɗa ƙwarai, sai dai ta faɗaɗa ne ta ƙasa, wajen masu neman mafi araha.

Yadda sifana take mutuwa yana nuna yadda aka haife ta. Ta ƙwarai daga ƙarfen da aka gauraya da kurom da banadiyam ake yin ta, a gasa shi ya yi ja, a buga shi da guduma mai nauyin gaske cikin mazubi har ya ɗauki siffa, sannan a tsoma shi a mai don ya yi tauri, a sake ɗumama shi kaɗan don taurin ya sassauta. Wannan mataki na ƙarshe shi ne sirrin, kuma maƙeran gargajiya sun san shi a wajen wuƙa da gatari. In taurin ya yi yawa, ƙarfen yakan ɓalle farat ɗaya kamar busasshen kara. In ya yi kaɗan, bakin sifanar yakan buɗe a hankali har ta daina kama noti, soket kuma ya tsage ta gefe daga baki zuwa gindi. Jabun kaya sau da yawa zuba ƙarfen ake yi a mazubi ba tare da bugu ba, a lulluɓe shi da ƙyalli, a buga masa sunan Jamus da tambarin kurom-banadiyam a jiki, kuma ba a gane shi sai ya karye, inda wurin karayar yake fitowa da tsakuwa-tsakuwa kamar gutsuren ƙanzo, saɓanin na ƙwarai wanda yakan lanƙwashe kafin ya rabu. Rachet, wato mariƙin soket mai haƙora a ciki wanda yake kamawa ta gefe ɗaya ya saki ta ɗayan, haƙoran nan ne suke zubewa, sai a ji yana juyawa fayau ba ya riƙe komai. Shi ya sa tsohon bakanike, kafin ya biya, yakan auna nauyin sifana a tafin hannu, ya saki ta a kan siminti ya saurari ƙararta, ya karce gefenta da magagari ya ga ko zai ci, kuma shi ya sa tsohuwar Gedore ko Stahlwille ko Hazet ta gwanjo, wadda ƙyallinta ya goge tun a Turai, takan fi sabuwa fil tsada a idonsa, duk da cewa babu wanda zai tsaya mata.

Adalci kuma ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Motar da ta yi shekara goma sha biyar tana shan gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara, sannan ta zo ta sha damunar kwarin Binuwai, notinan ƙafarta da na salansarta sun zama abu ɗaya da tsatsa. Oga yana kwance a kan kwali a ƙarƙashinta, ya ce wa yaro ya miƙo sha bakwai, ya ja ta ƙi, ya ɗiga baƙin mai ya jira ta ƙi, sai ya ce a kawo fayif. A zura bututun ƙarfe mai tsawon hannu biyu a wutsiyar sifanar, yaro ya taka ƙarshensa da ƙafa ko ya rataya da dukkan nauyinsa, kuma tun da ƙarfin murɗawa yana ninkuwa ne gwargwadon tsawon mariƙi, sifanar da aka ƙera don hannun mutum ɗaya takan ɗauki nauyin da ya ninka nata sau huɗu ko biyar. Ko dai notin ya saki da ƙara, ko sifanar ta saki. Haka ake buga sukundireba da guduma a matsayin kurfi, ake ɗora soket mai ƙyalli a kan injin kwance taya alhali baƙin soket mai kaurin bango aka yi wa wannan aiki. Kusan kowace takardar garanti ta cire irin wannan amfani daga alkawarinta, kuma mai shago a Lafiya, ko da bai taɓa karanta takardar ba, abin da yake fara dubawa shi ne sawun bututu a wutsiyar sifana da sawun guduma a kan mariƙi.

Abin da ya rage na garanti, saboda haka, sanayya ce. Bakaniken da yake aiko masu mota shagon mutum su sayi fulogi da birki da man inji kowace rana, in ya dawo da soket ɗin da ya tsage a aikin farko, da wuya a bar shi ya tafi hannu rabbana: ko a canza masa, ko a ce ya cika wani abu ya ɗauki mai daraja ta sama, ko a yi masa ragi a ciniki na gaba. Baƙo kuwa, ko yaron da aka aika, amsar da yakan samu ita ce an gwada a gabansa kafin ya tafi. 'Yan kasuwa da yawa sukan raba kayansu gida biyu tun a baki, su ce wannan orijina ne, wannan kuma na maleji ne, kuma duk wanda ya zaɓi na maleji da sanin sa ya yafe haƙƙin ƙorafi, abin da ya yi daidai da hukuncin fiƙihu cewa aibin da aka bayyana ba a mayar da kaya saboda shi. Matsalar tana wajen na ukun, wanda aka sayar da sunan orijina da kuɗin orijina alhali na maleji ne, kuma sau da yawa shi kansa mai shagon haka aka sayar masa.

Inda sanayya ta gaza, mai walda ne yake karɓar aikin da maƙeri yake yi a da. Yakan haɗa karyayyar sifana, ya toshe rachet ɗin da haƙoransa suka zube ya mayar da shi sandararren mariƙi, ya liƙa soket a kan guntun rodi ya zama sifanar taya, ya lanƙwasa wata don ta kai ga notin da ke ɓoye a bayan inji. Zafin walda yana kashe taurin ƙarfen da ke kusa da ɗinkin, don haka gyararriyar sifana ba ta komawa yadda take, kuma yawanci a gefen ɗinkin take sake karyewa, amma takan ci wasu watanni a aikin da ba na ƙarfi ba. Maƙeran gargajiya su ma ba su fita daga lissafin ba, domin daga karyayyen sifirin ɗin mota suke ƙera kurfi da ƙarfen ɓamɓare taya da masu faci suke aiki da shi, kuma waɗannan su ne kusan kayan aiki kaɗai a gareji da za a iya mayar wa wanda ya ƙera su da ƙafa.

A cikin garejin kansa, karyewar kayan aiki tana da nata shari'ar. Akwatin na oga ne, ana ƙirga abin da ke ciki da yamma kafin a kulle, yaron da ya ɓatar ko ya karya yakan sha faɗa, wani lokaci a cire daga ɗan abin da yake samu. A ranar yaye, wadda 'yan gareji suke kira firidom, babban abin da ke gaban yaron shi ne haɗa nasa akwatin, kuma saboda jarinsa ƙarami ne mafi araha yake saye, ya fara sana'a da kayan da suka fi saurin karyewa a daidai lokacin da ba shi da sanayyar da za ta sa a canza masa. Hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, NDE, wadda aka kafa a zamanin Babangida, da gwamnatoci da 'yan siyasa bayanta sun sha raba akwatunan kayan aiki ga waɗanda suka gama koyo, sai dai irin wannan kyauta ba ta zuwa da adireshin da za a mayar da ita.

Doka ba ta yi shiru ba. An kafa hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, a 1971, ta kuma fito da tsarin tantance kayan da ake shigowa da su tun daga ƙasar da aka ƙera su, SONCAP, a 2005; an kafa majalisar kare haƙƙin masu saye da dokar soja ta 1992, sannan dokar gasar kasuwanci da kare masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta maye gurbinta da hukumar FCCPC. Wannan doka ta ɗora wa duk mai sayarwa garantin da ba sai an rubuta ba, cewa kayansa suna da inganci kuma sun dace da aikin da aka saba yi da irinsu, ta kuma bai wa mai saye damar mayar da su cikin wata uku a gyara, ko a musanya, ko a biya shi, kuma hukumar ta sha nanata cewa rubutun nan da ake bugawa a ƙasan rasit, wai abin da aka saya ba a mayarwa, ba ya soke wannan haƙƙi. Amma cinikin sifana a Lafiya yawanci ba shi da rasit, in ma akwai ba a rubuta sunan ƙira ko lamba, kuma babu bakaniken da zai bar mota a kan jak ya tafi shigar da ƙara saboda soket ɗaya.

Tun daga tsakiyar 2023, da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,400 a 2024, farashin kayan aiki ya bi ta, har karyewar rachet ɗaya ta zama asarar da ake ji a tukunyar gida. A gefe guda kuma, kayan China masu tsayayyen suna irin su Ingco da Total sun samu wakilai a Najeriya, abin da ya rage hannuwan da ke tsakanin masana'anta da gareji. Bakanike shi kaɗai ba shi da nauyin da zai sa wakili ya saurare shi, amma ƙungiyar kanikawa ta ƙasa, NATA, wadda take da rassa a jihohi, tana da wannan nauyi in ta ga dama ta sayi kaya a dunƙule daga dillali ɗaya, bisa sharaɗin ya riƙa zagayo garejoji yana karɓar abin da ya karye, ya kuma ba kowane mai saye takarda mai ɗauke da sunan ƙira da lamba da kwanan wata. Wata ukun da doka ta bayar daga ranar da kaya suka shiga hannun mai saye ake fara ƙirga su, kuma rasit ne yake nuna wannan rana.